Ƙaramin rediyo mai sola da memori: a duba batir kafin a duba kwalliya

Wannan ƙaramin rediyo da ya cika shagunan 'yan kayan lantarki a Babbar Kasuwar Katsina, mai faifan sola a baya da tocila a gefe da gurbin memori, kaya ne mai amfani ƙwarai, kuma ya cancanci kuɗinsa. Sai dai kala biyu ne a cikin kwali iri ɗaya, kuma mai saye da yawa ba ya ganewa sai ya kai gida.

Bambancin yana wajen batir. A buɗe murfin baya tun a shago. Idan batirin fale-fale ne irin na tsohuwar wayar Nokia, wato BL-5C, ƙarfinsa bai wuce 1000mAh (ma'aunin yawan cajin da batir ke ɗauka) da ɗan kai ba, kuma da an ƙure murya ba ya kai dare. Wanda ake so shi ne mai dogon batir zagayayye, 18650. Na gaskiya yana tsakanin 2000 zuwa 3500mAh, nauyinsa kusan giram 45. Duk wanda aka rubuta wa 9800mAh ƙarya ce, kuma da an ɗaga shi a hannu za a ji shi sakayau. Faifan solar kuwa ƙarami ne, taimako kawai yake yi. Masu shanya rediyon a rana tun hantsi har la'asar, a zafin Afrilu da ke haura digiri 40, su ne batirinsu ke kumbura. A yi caji da kan caja mai 5V, a cire in ya cika.

Wajen kama tasha, FM ba shi da matsala: Companion FM da Vision FM suna fita tas a cikin gari. Gwajin gaskiya yana gajeren zango, inda mai bin labaran duniya ke neman sashen Hausa na BBC, wanda ya fara tun 1957, da na RFI. Da rana a nemi mita 16 da 19, da dare ko asuba a sauko 31, 41 ko 49, domin yanayin sararin sama da ke dawo da zangon yana sauyawa da faɗuwar rana. Eriyar da ya zo da ita gajera ce. A samo siririyar waya kamar mita biyar, a naɗe bakinta a kan eriyar, a rataye sauran ta taga. Muryar da ke nutsewa sai ta fito. Shuuu ɗin da ake ɗora wa rediyon laifinsa galibi daga kwan lantarki mai arha ne, ko inbata, ko cajar da ke jone a jikinsa. A zare cajar lokacin labarai, a ji bambanci.

Ɓangaren memori ne ya fi jan matasa, saboda littattafan sauraro da ake turawa a shagon turi, musamman na ban tsoro: aljanu, mayu, da masu tashi daga kabari su sha jinin mutane irin na labaran Turawa. Nan ma akwai ƙa'ida. Sauti nau'in MP3 rediyon yake karantawa, don haka sautin da aka kwaso kai tsaye daga WhatsApp yawanci ba ya buɗuwa sai an juya shi. Memorin kada ya wuce 32GB, a kuma sa mai turi ya goge shi a tsarin ajiyar fayil da ake kira FAT32. Na 64GB da tsarin exFAT yake zuwa, rediyon sai ya yi kamar ba a saka komai ba. Ba a ma bukatar babba, tunda karatun awa ɗaya a 64kbps bai kai 30MB ba. A roƙi mai turi ya sa wa babi-babi lamba, 001, 002, ya tura su a jere, domin da yawan rediyoyin nan bin jerin da aka tura fayilolin suke yi, ba sunan fayil ba. Kuma lallai a gwada wannan a shago: a kunna, a bari ya yi minti biyu, a kashe, a sake kunnawa. In ya koma farko, a ajiye shi. Babi mai awa guda ba ya saurarowa a rediyon da ba ya tuna inda aka tsaya.

Sifikar tana da kyau da muryar mutum, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai kula da harshe. Ana jin ƙ da ɗ da ɓ sarai, ana rarrabe Hausar mai karatu Bakatsine da ta Bakano ko ta mutumin Maraɗi. Ita ce kuma ke tona asirin littattafan da na'ura ta karanta, masu tauye dogon wasali su karya karin sauti har ma'ana ta ɓace. Irin waɗannan ba su cancanci a saka wa yara ba. Inda sifikar ta gaza shi ne ihu da kiɗan tsoratarwa, sai ta riƙa karkarwa, don haka a tsaya a rabin murya.

Lokacin hunturu ƙura na shiga maɓallin murya ya fara ƙarar-ƙarar. Mai gyara zai fesa masa maganin wanke maɓalli cikin minti kaɗan, kada a zuba masa man keke. Bakin caji shi ne wuri na biyu da ke saurin mutuwa, saboda dalma kaɗan ce ta riƙe shi. A riƙa zare waya a miƙe, ba da fizga ba.