Gilashi mai faɗi ko na'urar bin taurari: wanne za ka ɗauka zuwa bakin teku?

Ɗan'uwa, sannu da ƙoƙari. Ka ce kana son ɗaukar hoton tauraruwa mai wutsiya a saman teku, duwatsun gaɓa a ƙasanta, amma ka rasa na zaɓa: ka tsaya kan gilashin kyamararka mai faɗi na 20mm da maɗorinta mai ƙafa uku, ko ka sayi na'urar bin taurari ka ɗora mata na 200mm. Na yi aiki da duka biyun, kuma ba hoto iri ɗaya suke bayarwa ba.

Duniya na juyawa digiri 15 a kowace awa, shi ya sa in idon kyamara ya daɗe a buɗe taurari sai su zama zane-zane. Masu sana'ar suna raba 500 da tsawon gilashi don sanin iyakar sakannin da za su bar idon a buɗe. A 20mm kana da sakan 25, a 200mm sakan biyu da rabi kacal, wanda ba ya isa ya tattaro hasken wutsiya. Aikin na'urar bin taurari ke nan: tana juya kyamara a hankali daidai da tafiyar sama, har ka samu minti ɗaya ko biyu.

Abin da take fitarwa kuwa, sai wanda ya gani. Koren kan tauraruwar ya bayyana, wutsiyoyi biyun su rabu: ta ƙura fara-fara mai ɗan lanƙwasa, ta iskar gas shuɗiya miƙaƙƙiya, ta ba rana baya. Waɗanda suka ɗauki tauraruwa mai wutsiya NEOWISE a Yulin 2020 da irin wannan kayan sun nuna su sarai. Sai dai da zarar kyamara ta bi sama, ƙasa ce za ta dushe. Dole ka ɗauki sama daban, ka kashe na'urar ka ɗauki gaɓa daban, sannan ka haɗa su a kwamfuta. Kafin nan ma sai ka saita na'urar da tauraron arewa cikin duhu, a kan yashin da ke nutsewa, iska na kaɗa dogon gilashin. Motsi kaɗan ya ɓata aikin minti biyu.

Gilashi mai faɗi ba ruwansa da wannan wahala. Ka buɗe idonsa zuwa f/2.8, ISO (ƙarfin karɓar haske na kyamara) 1600 ko 3200, sakan 15 zuwa 20, ka saita gani da hannu a kan tauraro mai haske. Tauraruwar za ta fito ƙarama, gaskiya ne. Amma tana tare da dutse, da raƙuman ruwa da suka narke suka koma kamar hazo, abin da ya kai ka bakin teku tun farko. In ƙwayoyin hoton sun yi yawa, ɗauki goma ko ashirin a jere ka tara su da manhajar Sequator, wadda ke daidaita taurari ta bar ƙasa a tsaye.

A Oktoban 2024 na bi tauraruwa mai wutsiya Tsuchinshan-ATLAS, tana yamma bayan faɗuwar rana. Na 200mm ya yanke mini wutsiyar, ta fi ƙarfin abin da yake iya gani. Na 20mm ya kama ta har ƙarshe. Wata ya cika ranar 17 ga watan, ya cinye rabin hasken wutsiyar amma ya haska mini duwatsu ba tare da fitila ba. A daren ne ruwa ya zo ya kewaye ƙafar kyamarata ban ankara ba, ina can ina kallon sama.

Nan nake so ka tsaya da kyau. Teku ya fi cika da janyewa lokacin da wata ya cika da lokacin da ya ɓuya, wato daren da ya fi duhu, wanda kowa ke jira, yana cikin dararen da ruwa ya fi hawa. Duba jadawalin cikowar teku kafin ka fita, ka je tun da rana ka ga hanyar komawa. Mai gilashi mai faɗi zai sunkuci kayansa ya matsa cikin sakan biyar. Mai na'ura in ya matsa, saiti ya koma farko, tauraruwar kuma ba ta jira, domin galibi kusa da rana take, tana faɗuwa ba da daɗewa ba.

Saboda haka ni dai na ce ka tafi da na 20mm, kada ka sayi komai tukuna. Na'urar ta bari sai ranar da tauraruwar kaɗai kake so, a kan ƙasa mai tauri nesa da ruwa. Ka danna ƙafafun cikin yashi har su tsaya, ka riƙa duba gilashin kowane minti goma saboda raɓa da feshin gishiri, in ka koma gida ka goge kayan da tsumma mai ɗan laima kafin ka rufe jaka.