LKCD ko kdump: wa zai kwashe bayanai idan zuciyar Linux ta faɗi?

Idan zuciyar Linux (wato kernel, jigon manhajar da ke tafiyar da kwamfuta) ta faɗi warwas, injiniya na buƙatar hoto, wato kwafin abin da ke cikin ƙwaƙwalwar kwamfuta a daidai wannan lokacin, don ya gano musabbabi. To, wa zai rubuta hoton?

Tsohuwar hanya, irin ta manhajar LKCD da kamfanin kwamfuta na SGI ya fara, ta ɗora aikin a kan zuciyar da ta faɗi: ita ce za ta zuba ƙwaƙwalwar a faifai. Kamar a ce wa majinyacin da ya suma ya rubuta wa likita rahoto ne. Idan direban faifan (manhajar da ke sarrafa shi) ne ya lalace, ko wani makulli na cikin zuciyar ya maƙale, aiki ya tsaya cik. Mafi muni, za ta iya rubutu inda bai dace ba, ta ɓata bayanan mutane. LKCD bai taɓa shiga babban reshen Linux ba.

Shi kuwa kdump, da ya shiga a 2005 cikin sigar 2.6.13, ya sauya dabara. Tun wajen kunna kwamfuta ake keɓe wani yanki na ƙwaƙwalwa da umarnin crashkernel, a loda zuciya ta biyu a ciki. Da ta farko ta faɗi, sai kexec, tsarin da ke tayar da wata zuciya daga cikin wata, ya miƙa ragama ga ta biyun ba tare da an koma ta BIOS, manhajar farko da ke tayar da kwamfuta, ba. Tsohuwar ƙwaƙwalwar tana nan daram, zuciya ta biyun na ganin ta a fayil ɗin /proc/vmcore, sai shirin makedumpfile ya kwafe ta, ya zubar da shafukan da babu komai, ya matse sauran.

Ni dai kdump zan zaɓa, duk da cewa yankin da aka keɓe zaman jira kawai yake yi, kuma a ƙaramar na'ura wannan asarar ana jin ta.