Wace Tsohuwar Mota Mai Buɗaɗɗen Rufi Ta Fi Dacewa a Gyara a Gida a Katsina?

Mutumin da ya ƙudiri aniyar sayen tsohuwar motar ƙawa mai buɗaɗɗen rufi domin ya farfaɗo da ita a harabar gidansa, a Katsina ko a Daura, ya kamata ya fara da tambayar da ba ta shafi kyawun motar ba, wato wa zai taimake shi idan aiki ya fi ƙarfinsa, kuma daga ina kayan gyara za su zo. Ra'ayina shi ne motar da ta fi dacewa ita ce wadda injinta ke da 'yan'uwa a garejin bakanikenmu, kuma jikinta yake da sauran lafiya, domin inji ana iya tayar da shi da haƙuri, amma bodin da tsatsa ta cinye yakan cinye kuɗin mai shi.

Akwai batun doka kafin a kai ga batun ƙarfe. Jerin kayan da hukumar kwastam ta haramta shigowa da su ya ƙunshi motocin da suka wuce wani adadin shekaru da ƙerawa, kuma duk motocin da za a ambata a nan sun zarce wannan iyaka da nisa. Haka kuma gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa daga 1 ga Janairun 2017, don haka wanda aka yi wa tayin wata mota a Maraɗi, aka ce za a tsallako masa da ita ta Jibiya ko Kongolam, ya fara zuwa ofishin kwastam ya ji matsayin doka a yau kafin ya ba da ko sisi. Hanya mafi sauƙi ita ce a nemi wadda ta daɗe a cikin ƙasa, mai takardun kwastam da na rajista, a kuma tabbatar lambar shasi ta yi daidai da abin da ke rubuce. Sannan Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama tun 1972, kuma dokokin hanya ba su amince da rajistar mota mai sitiyari a dama ba, wanda hakan ya fitar da yawancin motocin da aka ƙera domin kasuwar Ingila ko Japan daga lissafi.

Ta farko da za ta zo a ran Bakatsine ita ce Peugeot 504 Cabriolet, kuma da dalili. Kamfanin Peugeot na Najeriya, wato PAN, ya haɗa 504 a Kaduna daga 1975 har zuwa 2006, saboda haka da wuya a sami dattijon bakanike a Arewa da bai taɓa kwance injinta ya ɗaure ba. Mai buɗaɗɗen rufin ta fito a 1969, kamfanin Pininfarina na Italiya ne ya zana jikinta ya kuma ƙera shi, aka ci gaba da yin ta har 1983, kuma duka-duka kimanin 8,000 aka yi. A nan ne tarkon yake. Injinta mai silinda huɗu na lita 2 dangin na 504 ɗin da muka sani ne, amma jikinta ya fi gajarta, kuma ƙofofi da gilashi da fitilu da bamba duk nata ne na daban, ba za a same su a Panteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa ta Kano ba. Bugu da ƙari, man fetur ba ta kafireto yake shiga injin ba, ta wani famfo ne na kamfanin Kugelfischer wanda masu iya daidaita shi kaɗan ne ko a Turai. Ana iya mayar da ita kan kafireton 504 na gida, kuma wannan sauyi ne mai ma'ana ga wanda yake son hawa, da sharaɗin ya adana famfon asali a wuri mai kyau, tun da ƙarancin motar ya sa darajarta tana tare da kayanta na asali. Wanda ya sami 504 Cabriolet da cikakken jiki da fitilunta ya saya ko da injin ya ƙi tashi. Wanda ya sami mai lafiyayyen inji amma babu gilashin gaba ko fitilun baya, ya yi tunani sosai.

Mercedes-Benz SL ta zubin R107, wadda aka ƙera daga 1971 zuwa 1989, ita ce na fi ba wa mai matsakaicin ƙwarewa shawara a kanta, in aljihunsa zai ɗauka. An yi sama da 230,000, mafi yawa aka sayar a Amurka da sitiyari a hagu, kuma tana zuwa da rufin ƙarfe da ake cirewa a mayar baya ga na tamfol, abin da ke da matuƙar amfani a ƙurar hunturu da ranar bazara. Ba duka ne ɗaya ba. 280SL tana amfani da inji mai silinda shida irin na 280E, ita kuma 300SL da aka yi daga 1985 injinta ɗaya ne da na 300E, wato dangin motar da ake kira V-boot, wadda kayanta da masu gyaranta suke ko'ina. Masu silinda takwas, irin su 450SL da 380SL da 560SL, sun fi daɗin sauti, amma sun fi shan mai, kuma 380SL ta farkon shekarun 1980 da aka yi wa Amurka ta zo da sarƙar inji mai layi ɗaya wadda dole a bincika ko an sauya ta. Babban aibin R107 yana ɓoye ne a bangon ƙarfen da ya raba inji da mazauni, a ƙarƙashin gilashin gaba, inda ruwa ke taruwa idan magudanarsa ta toshe. A ɗaga shimfiɗar ƙafa a duba, a kuma cire murfin fankar iska a leƙa da tocila, domin gyaran wannan wuri yana buƙatar a kwance gaban motar kusan gaba ɗaya. Wannan ya fi zama wajibi idan motar ta yi zaman Legas ko Fatakwal.

Idan ana maganar wadda mutum zai iya gyarawa da hannunsa yana karanta littafin gyara, MGB ƙirar Ingila mai sitiyari a hagu ce a gaba. An ƙera ta a garin Abingdon na Ingila daga 1962 zuwa 1980, fiye da rabin miliyan idan an haɗa da mai rufin ƙarfe, injinta lita 1.8 ne mai sauƙin fahimta, mafi yawansu da kafireto biyu ƙirar kamfanin SU waɗanda ake daidaitawa da sukundireba da kunne. Kusan kowane ƙusa nata ana ƙera sabo har yanzu, har ma da cikakken bodi wanda kamfanin British Motor Heritage ya fara yi a 1988. Matsalar ita ce komai sai an yi odarsa daga waje da kuɗin ƙetare, a jira makonni, kuma ƙusoshinta da ma'aunin inci aka yi su, saboda haka sai an sayi sifanonin da suka dace. Ba ta da shasi na daban, ƙarfinta yana cikin dogayen ƙarafan da ke ƙarƙashin ƙofofi, kuma idan sun ruɓe motar takan lanƙwasa har ƙofa ta fara gogar gindinta. Masu tara motoci sun fi son mai bamba ta ƙarfe mai sheƙi, amma wadda aka yi daga ƙarshen 1974 mai baƙar bamba ta roba an ɗan ɗaga ta daga ƙasa, kuma duk wanda ya san tudun rage gudu na titunan cikin gari ya san wannan ɗan tsayin ba abin rainawa ba ne.

Triumph Spitfire tana da shasi na daban, kuma gabanta gaba ɗaya yana buɗewa har mutum ya zauna a kan taya yana aiki a inji, sai dai ta yi ƙasa da yawa kuma ta yi ƙanƙanta ga dogon mutum, don haka ban ga dacewarta da hanyar Katsina zuwa Daura ba. Mazda MX-5 ta farko, ta 1989 zuwa 1997, ta fi dukkansu rashin rigima, tana tashi da safe ba tare da lallashi ba, amma a nemi wadda aka yi wa Amurka mai suna Miata, a guji wadda aka yi wa Japan mai suna Eunos saboda sitiyarinta yana dama.

Kowace aka zaɓa, a je dubawa da rana, tare da fanalbita da rewaya, a kuma riƙe ɗan maganaɗisu a bi jikin motar da shi. Inda ya ƙi kamawa, galibi fila ce aka lafta aka bi da fenti. Araha ba ta ado, kuma motar da aka kwance aka zuba kayanta a buhuna ita ce mafi tsada a ƙarshe, domin ba a sanin abin da ya ɓace sai an zo ɗaurawa. Bushewar ƙasarmu tana rage tsatsa, amma rana tana busar da robobi da wayoyi da kushin, saboda haka a ɗauka cewa duk tiyon mai da na ruwa da na birki sai an sauya su.

Game da sauye-sauye, waɗanda suka cancanci kuɗi su ne waɗanda yanayi ya tilasta. A watan Afrilu zafi yakan haura digiri 40, kuma motocin Ingila ba a ƙera su domin haka ba, don haka lagireto mai layuka da yawa da fankar lantarki su ne farko. Sai maye gurbin kontak da na'urar kunna wuta ta zamani, sai matatar iska mai kyau saboda ƙura, sai bel ɗin kujera idan babu. Ɗora injin wata mota ta Japan, wanda wasu bakanike ke saurin ba da shawara a kai, yana buƙatar yanka da walda da sauya giya da birki, yana kuma karya farashin motar ranar sayarwa. Rufin tamfol kuwa, mai ɗinkin kushin na gari zai iya yin sa da kyau idan an ba shi tsohon ya zama ma'auni, shi ya sa ko ya yayyage kada a jefar da shi, kuma a tabbatar ƙarafan da ke naɗe shi suna nan cif kafin a biya kuɗin mota, domin su ne ba a iya ƙerawa a gida.