Masu son furanni, a yi hattara da masu tallan irin jade vine

Jama'a, musamman mata masu ɗan lambu a tsakar gida, akwai shafuka a Facebook da TikTok da ke tallan irin wata shuka mai yaɗo da suke kira jade vine. Hoton kaɗai ya isa ya ja hankalinki: furanni masu launi tsakanin shuɗi da kore suna reto daga rumfa. Sai a ce ki tura kuɗi, za a ba direba a tasha ya kawo miki. Don Allah kada ki tura.

Ita shukar akwai ta. Dangin wake ce, asalinta dazuzzukan Filifin masu yawan ruwan sama, inda ake ce mata tayabak, kuma zangarniyar furenta kan kai mita 3. Amma jemagu ne ke yi mata barbara, wato kai garin fure daga wani furen zuwa wani, inda babu su kuwa sai an yi da hannu kafin ta yi kwanso. In ma an samu irin, ba ya jure bushewa, cikin 'yan makonni yake mutuwa. Shi ya sa masu rainon furanni suka fi yankar reshe su dasa. To wanda ya ƙulla busasshen iri a leda yana cewa an kawo masa daga waje, me yake sayarwa?

Maƙwabciyata ta saya. Ta kafa rumfa, tana ban ruwa safe da yamma, abu ya tsiro da ganye uku-uku, ta yi ta murna. Da ta tambayi fure sai mai tallan ya ce: "Hajiya, ki ƙara haƙuri, sai ta shekara biyu zuwa uku." Nan dabararsa take, don ta gaskiyar ma takan daɗe haka, kafin asiri ya tonu ya canza layi. Da kwanso ya fito da gashi-gashi, jikanta ya taɓa ya kwana yana susa. Ashe ƙarara ce.

In kin ga shafi yana da ita kala-kala, har da baƙa da ruwan hoda, gyaran hoto ne. Mai jan furen ma wata shuka ce daban daga tsibirin Niyu Gini.

Mai so dai dole, ta je gidan raino ta ga dashen a tukunya kafin ta biya, ta kuma tambayi yadda zai tsallake hunturu, don shuka ce mai son laima.