Street Fighter 30th Anniversary Collection: gem 12 a kunshi ɗaya, amma babu malamin kombo

Kamfanin Capcom na Japan ya fitar da wannan kunshi na gem ɗin faɗa a watan Mayun 2018 a kan PS4, Xbox One, Switch da kwamfuta. Gem 12 ne a ciki, kuma dukkansu ainihin na injin jefa sulalla ne, ba waɗanda aka gyara daga baya don na'urorin gida ba: Street Fighter na 1987, nau'i biyar na Street Fighter II, Alpha guda uku, da Street Fighter III guda uku. Na 1987 ɗin dai kayan tarihi ne, minti goma ya isa ka gane dalilin da ya sa ba a maganarsa. Naman yana farawa ne daga Street Fighter II na 1991.

Maɓallai shida ne tushen komai: naushi uku, hauri uku, ƙarami da matsakaici da babba. Kombo kuwa shi ne ka jera duka ta yadda abokin karawa ba zai samu sararin karewa ba tun daga na farko har na ƙarshe. A Street Fighter II ba a tsara shi da gangan ba, ya ɓullo ne daga sassaucin da aka yi wa shigar da manyan dabaru, sai aka bar shi. Sai a Super Street Fighter II na 1993 gem ɗin ya fara ƙirga dukan a allo.

Ɗauki ɗan faɗan nan Ryu a Hyper Fighting, ɗaya daga nau'o'in Street Fighter II. Ka tsuguna ka danna matsakaicin hauri, kafin ƙafar ta dawo ka murza ƙasa, ƙasa-gaba, gaba, ka danna naushi. Hadoken, wato ƙullin ƙarfin da yake harbawa daga tafukansa, zai katse ragowar motsin haurin ya fita nan take. Kuskuren da ya fi yawa shi ne jiran a ga haurin ya taɓa kafin a fara murzawa. Gem ɗin yana tafiya kusan firem 60, wato hotuna 60, a daƙiƙa, ƙofar katsewar kuma firem kaɗan ce, don haka murzawar ta fara tun kana ƙasa, haurin ya faɗo a tsakiyarta. Kuskure na biyu: kana tafiya gaba ka yi ƙoƙarin Hadoken, sai Shoryuken, naushin tashi sama, ya fito, ka tashi sama a banza ka sauko a sha ka. Dalili shi ne injin ya karanta gaba, ƙasa, ƙasa-gaba. Maganinsa ka saki hannu ɗan lokaci kafin ka murza, ko ka faro daga baya.

Guile wani lissafi ne daban. Sai ka riƙe baya ko ƙasa wajen daƙiƙa ɗaya, wato caji, kafin manyan dabarunsa Sonic Boom ko Flash Kick su fita. Shi ya sa gwanaye ke fara riƙe ƙasa-baya tun suna sama a tsalle: babban naushi daga sama, matsakaicin naushi a tsugune, sannan sama da hauri. Wanda ya jira sai ya dira kafin ya fara riƙewa, cajinsa ba zai cika ba.

Duk wannan bayani babu shi a cikin kunshin, kuma nan ne babban aibinsa. Akwai filin atisaye a gem huɗu kawai, wato Hyper Fighting da Super Turbo na Street Fighter II, Alpha 3, da 3rd Strike na Street Fighter III, amma ba ya koya maka komai, ɗan tsana ne a tsaye ka yi ta dukansa. Abin haushi ma, nau'in 3rd Strike da ya fito a PS3 da Xbox 360 a 2011 yana da darussan kombo mataki-mataki, wannan da ya zo bayan shekara bakwai ba shi da su.

3rd Strike na 1999 shi kaɗai ya kusa biyan kuɗin. A nan ne dabarar kaɗe duka, wadda ake kira parry, ta nuna sosai: ka ɗan taɓa gaba daidai lokacin da duka zai sauka, ko ƙasa idan ta ƙafa aka zo. Ba ka rasa jini, kuma kai ne za ka riga motsawa. Da ita gwanin gem Daigo Umehara ya kaɗe duka 15 na Chun-Li, 'yar faɗan da Justin Wong ke bugawa da ita, a gasar Evo ta 2004, jininsa saura ƙiris. Mai koyo ya fara da Ken: matsakaicin hauri a tsugune, murza irin ta Hadoken sau biyu, hauri, sai babbar dabararsa Shippu Jinraikyaku. Wahalar ba murzawar ba ce, ido ne. Dole ka tabbatar haurin ya shiga kafin ka ƙarasa, don idan an kare, ka zubar da ma'aunin ƙarfin da ka tara don dabarar kuma ka buɗe kanka.

Alpha 3 zai ba wasu takaici. Wanda ya saba da na PlayStation zai nemi Guile, Fei Long, Dee Jay da T. Hawk ya rasa, haka ma yanayin wasa na World Tour, domin na inji ne aka saka. Super Turbo kuma kwamfutar da kake karawa da ita a cikinsa ba ta da imani, ko ka rage wahala tana amsa motsinka kamar tana leƙen hannunka. An gina ta ne don cin sulalla, kada ka auna ƙwarewarka da ita.

Sai batun hannun gem. Na PS4 maɓallai huɗu ne a fuska, manyan duka suna komawa R1 da R2, R2 kuma yana da doguwar tafiya kafin ya amsa, wannan kaɗai kan ɓata kombo. Ka sauya tsarin, ko ka nemi hannu mai maɓalli shida a fuska, ko sandar arked irin ta injin jefa sulalla. Joy-Con na Switch kibiyoyinsa a rarrabe suke, ƙasa-gaba na yawan tsallakewa. Talabijin ma ka sa ta a yanayin gem, in ba haka ba hoton zai riƙa zuwa a makare, ka yi ta zargin yatsunka.

Gem huɗun nan masu filin atisaye su ne ake bugawa ta intanet, ɗaki yana ɗaukar mutum huɗu. A kan Wi-Fi ko datar waya hoton yana tsalle, kaɗe duka ya zama caca, samun abokin karawa ma sai an yi haƙuri. Mutum biyu a kujera ɗaya, ko mai shagon gem da ke son ƙara wani abu kusa da ƙwallo, su ne za su ci moriyarsa, don bayan an sauke shi ba ya neman intanet kafin a kara.