Gyada zalla da takin zamani duk shekara, ko juyi da gero da takin gida?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan uwanmu da ya yi tambaya jiya, cewa shekara uku kenan yana zuba gyada zalla a gona daya, yana sa mata NPK har da yuriya amma buhu sai raguwa yake, alhali makwabcinsa mai juyawa tsakanin gero da gyada yana kai takin dabbobi ya fi shi samu, wai wace hanyar ce ta fi. To malam bari in jera maka su biyun kusa da juna ka gani da kanka.

Hanyarka tana da nata amfanin kuma ba zan boye ba. Gyada zalla idan aka shuka ta a matse, kunya da kunya kamar santimita 75, rami da rami 10 zuwa 20 gwargwadon irin, tana rufe kasa da wuri, ciyawa ba ta samun sarari, ga saukin feshi ga saukin huda da shanu, kuma a shekarar farko ba yadda za a yi gyadar da aka hada da gero a gona daya, tana karkashin inuwarsa, ta kamo ta a yawan buhu. Matsewar nan ma kariya ce daga kwarin da ke kawo kuturtar gyada, wato ciwon da ke sa shukar ta tsumbure ganyenta ya nannade, don sun fi sauka a gonar da aka yi wa shuka tsilli-tsilli. Ciwon nan ba abin wasa ba ne, a 1975 ya cinye wajen hekta dubu 700 na gyada a arewacin Najeriya, ya zo a kan farin 1972 da 1973, yana daga cikin abin da ya karya noman da ya gina dalar gyada a Kano.

Matsalar tana farawa ne daga shekara ta biyu, kuma a nan nake so ka tsaya sosai domin akwai maganar da muke yawan yi cewa ai gyada tana gyara kasa. Gaskiya ne tana jawo sinadarin naitirojin daga iska ta wadannan kananan kulloluwan da ke jikin saiwarta, ka ciro daya ka fasa da farce, in ka ga cikinsa ja-ja to yana aiki. Amma ina sinadarin yake tafiya? Yawancinsa yana cikin kwaya da ganye. Mu kuma ranar cira komai muke kwashewa, gyada ta tafi kasuwa, harawa a daure a dora kan bishiya ko a sayar wa masu kiwo da tsada lokacin rani, har saiwar ma tare ake tuge ta, mata da yara su bi su yi kala, a bar gona tsirara iskar hunturu ta yi ta kwasar kasar sama wata da watanni. Gero ko dawa akalla suna barin kututture da saiwa a ciki. Saboda haka gonar da ake cire mata gyada da harawa duk shekara ba a mayar mata da komai, ita ce take saurin mutuwa, musamman jigawa. Ga kuma ciwon digo-digon ganye da rubewar gindi, suna kwana a ragowar shukar bara su jira ta bana.

Sai batun takin da kake sawa. Yuriya ba abincin gyada ba ce malam, ganye kawai za ta tara maka ya yi kore shar kana murna, kulloluwan saiwa kuma su rage aiki tunda an kawo musu a shirye, kuma yawan zuba ta shekara da shekaru a kasa mai rairayi yana sa kasar ta yi tsami. Abin da gyada ke nema shi ne fosforos, wanda kasarmu ta arewa take da karancinsa sosai, da kuma kalsiyam. Shi ya sa takin supa wato SSP ya fi dacewa da ita, duka biyun suna ciki har da sulfa. Kalsiyam din nan kwanson gyada da kansa yake sha daga kasar da ke kewaye da shi, saiwa ba ta kai masa, to in babu shi a saman kasa sai ka cire gyada bawo ya yi kyau ciki holoko. Ka duba ta bara, in ka samu holoko da yawa to ga daya daga cikin dalilan, ko da yake yankewar ruwa lokacin da take cika ido ma yana kawo haka.

Makwabcinka fa? Shi yana kai takin gida gero ya ci a shekarar farko, takin ya rube ya gauraya da kasa, shekara mai zuwa gyada ta zo ta tarar da kasa mai laushi mai rike danshi, wannan dan tsinken da ke fitowa daga fure ya nutse ba wahala. Ciwon gyada bai samu abin kamawa ba shekarar da gero ke gonar, kudujin da ke damun gero shi ma ya dan ja baya shekarar gyada tunda ba ya rayuwa a jikinta. In kuma dabbobinsa ne suka ci harawar to abin da ya fita daga gona ya koma ta mangala. Haka karkarar Kano, wajen su Gezawa da Minjibir, ta dade ana noma gona daya duk shekara ba a bar ta ta huta ba kuma ba ta mutu ba, jakuna na daukar taki da shara daga gari zuwa gona.

Ita ma hanyar tasa da wahalarta. Taki nauyi gare shi, kudin dauka kadai ya isa, wanda ba shi da dabbobi sai ya saya, yana kawo irin ciyawa, in kuma danye ne aka zuba wa gyada kai tsaye gara da tsutsar kasa sukan biyo shi su huda kwanso. Fosforos din cikinsa ma ba shi da yawa, shi ma da zai kara supa da ya fi haka samu. In gicci yake yi, layin gero jefi-jefi gyada a tsakani, buhun gyadarsa a hekta ba zai kai na mai zalla a sabuwar gona ba, sai dai yana da hatsi a rumbu in damina ta ki.

Ni a ganina tasa ta fi taka nesa ba kusa ba, amma ba sai ka bar gyada zalla ba. Ka raba gonar biyu, bana rabi gero ko dawa da duk takin gidan da ka iya samu, rabi gyada da supa tun wajen huda ko shuka, badi ka sauya musu wuri. Kudin yuriyar ka mayar kan iri mai kyau, su SAMNUT 24 na cibiyar binciken aikin gona ta IAR da ke Samaru, Zariya, da ke nuna a kasa da kwana 100 kuma yake jure kuturta, 'yan uwanmu na wajen Maradi da Damagaram kuma sun san 55-437 da muke ce wa 'yar Dakar, tana da sauri amma kuturta na kama ta. In gonarka rairayi ce kar ka tada kunya da tsayi don saurin bushewa take, in mai rike ruwa ce kuwa dole ka huda. Da zarar ta yi fure tsinken ya fara shiga kasa, wajen sati shida da shuka, ka ajiye fartanya ka koma cire ciyawa da hannu.