Na kai ɗana ɗakin duba yara masu rashin nutsuwa

Uwar da ta gaji da jin "ɗanki ba ya ji" daga bakin malamai, ina ba ta shawarar ɗakin duba yara da ke sashen ƙwaƙwalwa na wani babban asibiti a nan Kano, amma ta tafi da guzurin haƙuri. Nawa yana aji 3 na firamare. Kansa na ja, sai dai ba ya iya zama a benci har a gama darasi, fensir kuwa kullum sai an sayi sabo. An yi bulala, an yi rubutun sha, kakarsa ta ce ƙiriniyar ubansa ya gado.

Likitar ba ta yi gaggawar rubuta magani ba, wannan ne ya fara kwantar min da hankali. Ta yi ta tambayata tun daga goyon cikinsa, haihuwarsa, yadda yake barci. Ta sa aka duba jinsa da ganinsa, don yaron da ba ya jin muryar malam sosai shi ma hankalinsa ba ya tsayawa a aji. Duk wannan lokacin yaron na hawa ma'aunin nauyi yana dirowa, ya taɓa wannan ya taɓa wancan a kan teburinta. Ko tsawa ba ta yi masa ba, kallonsa kawai take tana rubutu.

Ta ba ni takardun tambayoyi biyu, ɗaya tawa, ɗaya ta malaminsa. Ta ce ba a cewa yaro na da ADHD, wato larurar rashin nutsuwa da kasa tsayar da hankali wuri guda, sai alamomin sun kai wata 6, sun fara kafin ya cika shekara 12, kuma ana ganinsu a wuri fiye da ɗaya, kamar gida da boko ko islamiyya.

Na tambaye ta ko ba ciwon 'ya'yan Turawa ba ne wannan. Ashe ko kusa. Wani babban bincike na 2007 da ya tattara nazarce-nazarce daga sassan duniya ya sami kusan yara 5 cikin 100, wani na 2015 ya sami kusan 7, wanda aka yi kan Afirka a 2020 shi ma kusan 7 ɗin. Ajin da ke da yara 60 ke nan ba zai rasa 3 ko 4 ba. Maza aka fi ganowa. 'Yan matan sau da yawa ba sa tsalle-tsalle, shiru suke yi hankalinsu na wani wuri, sai a ce daƙiƙai ne.

Inda suka gaza shi ne jira. Ta yaya za a ajiye yaran da zama ne matsalarsu a baranda tun safe har azahar, babu ko abin wasa? Maganin methylphenidate da aka rubuta mana daga baya ma babu shi a kantin asibitin, sai da muka zaga gari, ga tsada. Yana rage masa cin abinci, amma wannan likitar ta riga ta gargaɗe ni, shi ya sa take auna nauyinsa duk zuwa.

Ba su da wata hanyar tuntuɓar makaranta, ni ce 'yar aiken. Da na kai shawarwarinta, malam ya dawo da shi bencin gaba, shi ke goge allo da raba littattafai, ƙorafin ya ragu sosai. Mai zuwa ta riƙo littattafan ajin yaron da sakamakon jarrabawarsa, za a nema.